Karsanar da Ta Riƙe Ni a Rogo

Ni ban shiga koyarwa don in tsufa a cikinta ba. Duk wanda ya gaya maka son aikin ne ya zaunar da ni tun farko, yabo yake yi mini, ba gaskiya yake faɗa ba. Ɗan birni ne ni, a cikin ganuwa aka haife ni, kuma ranar da aka ce an tura ni makarantar elemantare ta Rogo sai da na tambayi mutum uku kafin in sami wanda ya san hanya. Ya ce in je Karaye in gai da hakimi, daga can in miƙa in yi ta tafiya, in na gaji to na kusa. Bai yi ƙarya ba.

Lokacin ana tsakiyar babban yaƙin nan da aka kwashi samarinmu zuwa ƙasashen bayan teku. Duk wanda ya iya riƙe alƙalami ya zama ɗan gata. Kamfanonin gyaɗa suna neman akawu, asibiti na nema, reluwe na nema, kuma kowannensu ya fi aikin alli maiƙo. Sai malaman makaranta suka riƙa sulalewa. Mutum uku ne suka zauna a kujerata kafin ni. Na farko ya ce zai je duba mahaifiyarsa ba ta jin daɗi, har yau yana can yana duba ta. Na biyu ya tafi sayo tawada. Na uku ko sallama bai yi ba, sai hularsa aka tarar a jikin ƙusa.

Abin ya dami hukuma ƙwarai, har Baturen Makaranta ya fito rangadi takanas don ya ji abin da ke korar malamai. Dogo ne, mai jan wuya, ya iya Hausa daidai gwargwado, kuma mutumin kirki ne, ba zan ci amanarsa ba. Ya zaunar da mu, ni da hedimastanmu, wani dattijo mai yawan magana wanda ya rage a aikin don kawai gonakinsa a nan suke. Bature ya buɗe littafi ya tambaye mu yaya aiki, muka ce da godiya. Yaya masauki, muka ce lafiya lau. Ko akwai damuwa, muka ce babu sai alheri. To me zai sa mu ce wani abu daban? Baƙo ne, babba ne, ko ruwa bai gama sha ba. Mu muna jira a gama gaisuwa a shiga magana, shi kuwa ya rubuta duk abin da muka faɗa, ya rufe littafinsa, ya hau dokinsa ya tafi yana mamakin yadda mutanen da ba su da damuwa suke gudu.

Duk da haka bai haƙura ba. Da farko aka aiko mana da takardar yabo, aka ce a karanta ta gaban dagaci, a sanar da jama'a cewa malami fitilar gari ne. Aka karanta, jama'a suka ce madalla, kowa ya koma gonarsa. Bayan wata biyu aka aiko da yadin kaki da jar dara, don malami ya fita daban. Na sa sau ɗaya na shiga kasuwa, masu sayar da goro suka watse, sun zaci ɗan doka ne. Ban sake sawa ba, maiɗakina ta mai da hular mazubin allura da zare.

Sai aka zo kan babbar dabara, wato gida. Aka ce abin da ke korar malami rashin muhalli ne, saboda haka za a gina gidan malami irin na zamani, kuma da ni za a fara gwaji. Aka gina shi kusa da makaranta, mai kusurwa huɗu, aka rufa shi da tsohon kwanon da aka kwance daga wani sito. Tagoginsa kowace sai ka shige ta da rawaninka ba ka sunkuya ba, kuma duk suna kallon hanya. Ba zaure, ba katanga. Wanda ya zo gaishe ni sai dai ya yi sallama a bakin gadona. Maiɗakina ta leƙa sau ɗaya ta ce ita ba don a yi tallarta aka kawo ta Rogo ba. Da liman ya zo sa albarka, ya zagaya baya, ya dawo yana girgiza kai, ashe bayan gidan ma alƙibla yake fuskanta. Muka kewaye gidan da zana, muka toshe tagogi da tabarmi, muka gina bukka a tsakar gida muka koma cikinta. Kwanon kuwa da rana sai ka gasa gurasa a ƙarƙashinsa, kaji ne kaɗai suke shiga, su ma da yamma.

Ana cikin haka na san Baffa. Ba baffana ba ne, haka dai kowa ke kiransa. Bafulatani ne, tsoho, siriri, rugarsa na wajen Rogo Ruma, ya iya Hausa kamar ni amma in zai ƙirga shanunsa sai ya koma Fillanci. Ɗansa na fari ya shiga soja ba da son ransa ba, an haye teku da shi. Duk bayan wata biyu ko uku wasiƙa takan zo, wani akawun soja ne ke rubuta masa da boko. A manyan garin nan duka mu biyu ne muke karanta boko, ni da hedimasta. Baffa ya kai wa hedimasta sau ɗaya, kafin la'asar har mai sayar da kanwa ya san abin da ke ciki, da ƙari. Daga ranar sai ya dawo wurina.

Yakan zo ranar kasuwa bayan an tashi yara, ya tsuguna nesa da tabarma, mu yi gaisuwa har ta ƙare mu sake wata, sannan ya zaro takardar daga cikin hularsa kamar ba ita ta kawo shi ba. Ba ya kiran sunan ɗan, kunyar ɗan fari, sai dai ya ce mutumin nan ya aiko da wani abu. Wasiƙun ba su da tsawo. Gaisuwa ce, sai ina nan lafiya, ruwan ƙasar nan ba ya ɗaukewa, sai tambayar shanu ɗaya bayan ɗaya, da mai karyayyen ƙaho da mai baƙin kunne. Sai na karanta sau uku Baffa yake yarda na karanta. Idan kasuwa ta zagayo kuma babu sabuwa, sai ya kawo tsohuwar ya ce in sake dubawa ko na tsallake wani wuri. Amsar da yake sa ni in rubuta ita ma duk labarin shanu ce. Sau ɗaya na tambaye shi ko in sa cewa yana kewarsa, ya dube ni kamar na zage shi, ya ce in rubuta dai jar saniya ta haihu, zai gane.

Ina son tsohon nan, amma son bai kai ya hana ni neman abin kaina ba. Wani abokina ya aiko mini cewa akwai gurbin akawu a wani kamfanin gyaɗa a Kano, in zo da zarar an buɗe ciniki bayan kaka. Na yi murna har na kasa cin tuwo. Ban gaya wa kowa ba sai hedimasta, na roƙe shi ya rufa mini asiri. Ka ji wautar ɗan birni.

Kwana huɗu tsakani, da hantsi, ina cikin koya wa yara jadawalin bakwai, sai na hango taro a ƙofar gidana. Ga liman, ga wakilin dagaci, ga hedimasta yana washe baki, ga Baffa riƙe da igiyar wata farar karsana. Ban san shanu ba, amma ko makaho ya shafa wannan ya san kyakkyawa ce, ga tozo, ga ƙiba, fatarta har sheƙi take yi. Baffa ya ce ya ga wahalar da nake yi masa, shi kuwa ba shi da abin da zai saka mini sai abin da iyayensa suka bar masa. Ya ce akwai al'adarsu, haɓɓanaye suke ce mata: mutum ya ɗaura wa amininsa karsana, ta zauna a hannunsa har ta haihu, 'ya'yan na aminin ne, uwar ta koma gida. A ƙa'ida haihuwa uku ake jira.

"Amma kai, Malam, mai uzuri ne," in ji shi. "Ta haihu sau ɗaya kawai, ka riƙe ɗan, ka maido mini da uwar. Shi ke nan."

Na yi ta godiya. Liman ya shafa fatiha, aka kafa turke a gaban gidan hukuma, aka ɗaure ta. Sai da taro ya watse hedimasta ya zaunar da ni ya karanta mini sauran dokokin, yana jin daɗin kowace. Ba a mayar da ita kafin ta haihu, yin haka kamar ka tofa wa mutum yawu ne a gaban jama'a. Ba a ba wani riƙonta. Ba a fita da ita ƙasar da mai ita ba zai iya zuwa ya gan ta ba. Na ce to in aiki ya kira mutum Kano fa? Ya ce ai sai aikin ya jira saniya.

Na zauna na yi tunani. Cikin saniya wata tara ne da 'yan kwanaki, haka littafin da nake koyarwa ya ce. Kaka ɗaya kawai zan rasa. Na rubuta wa abokina cewa wani uzuri na iyali ya riƙe ni, a ajiye mini gurbi zuwa baɗi. Ban iya rubuta masa cewa saniya nake jira ta haihu ba.

Daga nan na zama bawan karsana. Da asuba in share mata wuri, in ba ta dusa da kanwa, in tafi makaranta. Da yamma in ja ta bakin fadama, ga malami da littafi a hammata da igiya a hannu. Na koyi sayen harawa, na koyi cire kaska. Ita kuwa ci kawai take yi, ta kalle ni, ta ci gaba. Baffa ya aiko da bijiminsa ya kwana biyu a wurinmu, ya cinye mana zana guda ya tafi. Wata uku ina zagaya ta ina duban cikinta. Kowa na tambaya sai ya dafa ta, ya ce alamu dai suna da kyau, Malam, sai a yi ta addu'a. Wata tara ya cika, goma ya wuce, babu abin da ya ƙaru a jikinta sai tozo.

Shekara ta biyu na tashi tsaye. Aka ba ni labarin wani bijimi a Yammedi, wai ko inuwarsa ta faɗa kan saniya sai ta ɗauka. Da aka yi hutu na ja ta a ƙasa har can, kwana biyu muna tafiya, ita tana tsayawa duk inda ta ga ciyawa, ni ina roƙonta da Hausa tana yi kamar Fillanci kaɗai take ji. Mai bijimin ya dube ta, ya dube ni, ya tambayi wanda ya ba ni ita. Da na faɗa masa sai tari ya sarƙe shi, ya juya baya ya daɗe yana yi. Sannan ya ce to, Allah mai iko ne. A hanyar dawowa na biya Unguwar Hajji wurin wani malami aka yi mata rubutu, na zuba mata a ruwan dusa ta shanye, ta lashe ƙwaryar. Ni da nake koya wa yara cewa ƙwayar cuta ke kawo zazzaɓi, ga ni ina ba saniya rubutu, kuma wallahi da zuciya ɗaya na ba ta.

Maiɗakina ce ta fara cewa wani abu. Ta ce ita fa ba ta taɓa ganin macen da ke da wuyan namiji irin wannan ba, kuma matan da ke kawo nono in sun zo wucewa sai su riƙa rufe baki da gefen zane. Na ce mata hassada ce. Ta ce to, Allah ya ba mu rai mu sha kindirmonta, ta ci gaba da tankaɗenta.

Kaka ta biyu ta wuce, abokina ya rubuto cewa an ba wani gurbin. Na ji zafi ƙwarai, kwana uku ban yi wa karsanar magana ba. Ranar kasuwa Baffa ya zo da wasiƙa, na karanta masa ina cika ina batsewa, sau ɗaya tak, na miƙa masa. Ya riƙe takardar yana jira. Wasiƙar ce da ɗan yake cewa ya yi rashin lafiya amma ya tashi. Na dubi tsohon, na ji kunya, na karɓa na sake karantawa har sau huɗu.

A shekara ta uku Baturen Makaranta ya dawo. Da ya tarar da ni har yanzu ina nan, sai da ya cire hularsa don murna. Ya ce a duk yankin ni kaɗai ne sabon malamin da ya shekara uku a wuri ɗaya, kuma ni kaɗai aka gina wa gida, saboda haka magana ta fito fili. Ya zagaya gidan yana bubbuga bango, bai tambayi dalilin tabarmin da ke tagogi ba, kaji suka fito ta ƙafafunsa ya ce madalla, har kiwo nake yi. Ya tsaya ya yaba karsanar, ya ce alama ce ta mutumin da hankalinsa ya kwanta. Hedimasta yana gefe yana cewa ƙwarai kuwa, ranka ya daɗe. Daga baya na ji an gina irin gidan nan a wasu garuruwa, kuma malaman da aka sa a ciki ba su kai damina ba.

Yaƙi ya ƙare, wasiƙu suka ɗauke wata biyar. Baffa bai fasa zuwa ba, sai dai ya daina kawo tsofaffin takardun, ya zauna kawai mu yi maganar ruwa da ciyawa. Ni ma na daina duban cikin karsanar a gabansa. Ranar wata kasuwa sai ga shi tafe da wani dogon saurayi mai takalman soja, ya rame, yana tafe a bayan tsohon da taku uku. Baffa bai ce ga ɗana ba. Ya ce mutumin nan ya iso jiya. Na rasa abin da zan yi, na kama hannun saurayin na riƙe, na tambaye shi ko ya tarar da mai karyayyen ƙaho. Ya yi dariya ya ce ashe ni ne. Sai ya ɗauki littafin da ke kan tabarmata ya karanta layi biyu a hankali, yana bin su da yatsa. A soja aka koya masa.

Na yi masa barka, kuma har ga Allah na yi murna, amma murnar ba ta cika ba. Shekara uku ina ƙorafin an ɗaure ni, yau ga shi babu mai bukatar in karanta masa komai.

Baffa ya sallami ɗan ya tafi kasuwa. Shi kuwa ya tashi ya je wurin turke, ya daɗe yana shafa wuyan karsanar, bai dube ni ba.

"Malam, na zo in karɓi kayana, in kuma nemi gafara," ya ce. "Wannan juya ce. Tun kafin in kawo maka ita na sani, duk Rogo an sani. Ko shekara ashirin za ta yi a turken nan ba za ta haihu ba. Na ji za ka tafi, ni kuwa ba ni da wani mai karanta mini. Na zalunce ka. Gobe zan aiko maka da saniya da ɗanta, naka ne halak malak, ka sayar ka tafi Kano. Ba sauran igiya a ƙafarka."

Na so in yi fushi, na ma fara shirya kalmomin. Na tuna tafiyar Yammedi da tarin mai bijimi, da rubutun da na ɗura mata, da matan nono, da liman da ya shafa fatiha da fuskarsa a ɗaure alhali ya sani. Gari guda, manya da yara, sun haɗa baki shekara uku a kan ɗan birni ɗaya, har hedimasta da ba ya iya riƙe magana daga azahar zuwa la'asar ya riƙe wannan. Da na zo nan sai fushin ya ƙi tashi. Hukuma ta ba ni takarda da hula da gida don in zauna, ban ji komai ba. Su waɗannan ƙarya suka yi mini, kuma ban taɓa jin an so ni kamar ranar ba.

Baffa ya sunkuya ya fara kwance igiyar. Daga makaranta ina jiyo 'yan ajina da suka tsaya share fili suna rera jadawalin bakwai, suna kuskure a wurin da kullum suke yi. Na dafa hannunsa.

"Baffa, ai ba a mayar da ita sai ta haihu. Kai ka faɗa, gaban liman."

Ya ɗago ya dube ni. "Malam, na ce maka juya ce."

"Na ji," na ce. "A bar ta dai. Wa ya sani ko bana ta ɗauka."

Ya daɗe a tsugune. Sannan ya mayar da igiyar, ya ƙulla ta da kyau, ya ja ya ga ta kama. Ya ce alamu dai suna da kyau, sai a yi ta addu'a.

Ta shekara goma sha ɗaya a turken nan kafin ta mutu, da ƙibarta, ba ta taɓa ba ni ko cokalin nono ba. Ni kuwa a makarantar na yi ritaya, kuma har yau in aka tambaye ni abin da ya zaunar da ni a Rogo, nakan ce saniya nake jira ta haihu.